Lamba Tara Biyu a Gida Ɗaya

Radayif, 14 ga Satumba, 1986

Zuwa ga Yaya Najiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Ummi da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, in dai ana kiran wannan lafiya.

Na iso. Yaya, ba aro aka ba da ni ba, jefar da ni aka yi. A ƙungiyarmu ta Susa sun ce kakar wasa ɗaya kawai zan yi wa ƙungiyar mahaƙan nan, in saba da wasan manya, sannan su duba ko za su mayar da ni. Amma ni na san wanda aka turo nan an gama da shi ne. Tun daga Gafsa nake leƙe ta tagar mota ina neman ruwa, ko da kududdufi ne, babu komai sai duwatsu da jirgin ƙasa mai jan ma'adinin taki zuwa bakin teku. Har jirgin sai da na yi wa hassada, shi ya kama hanyar gida. Filin wasansu kuwa ba ciyawa ko ɗaya. Ka faɗi sau guda, ka bar wa ƙasa fatar gwiwarka.

Abu ɗaya na dace da shi, masauki. Ɗakin da ƙungiya ke sauke baƙi babu ko ƙofar kirki, sai kyaftin ɗinsu ya ɗauki jakata ya ce in biyo shi. Sunansa Si Mabruk, shekarunsa talatin da shida. Tun asuba yake tuƙa babbar tifa a mahaƙa, ya tashi da azahar, ya zo atisaye. Shi ne lamba tara ɗinsu tun kafin in iya ɗaure takalmi. Ba ya magana sai ta zama dole.

Matarsa, Lalla Zuhra, ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, “Wannan ne ɗan wasan? A garinku Mahdiya kifin ne ke cin mutane?” Ta tula min kuskus da naman akuya, da yajin harisa da ya kusa ɗauke min numfashi. Akwai kuma mahaifinsa, Haj Ammar, wanda idanunsa suka tafi bayan ya gama aikin rami. Ya ce in matso, ya lalubi ƙwaurina ya ce, “Ƙafar barewa. Allah ya sa ba zuciyar barewa ba.”

Ki aiko min da safa masu kauri. Ki ce wa Ummi kada ta damu, amma ta yi min addu'ar fita daga nan da wuri.

Ƙaninki,
Lutfi

*

Mahdiya, 27 ga Satumba, 1986

Lutfi, sarkin kuka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ummi na gaishe ka, tana sa maka albarka. Na karanta mata wasiƙarka, na tsallake duk inda ka yi ƙorafi, sai ya rage layi uku. Ta ce, “Shi ke nan abin da ya rubuta?” Na ce mata ai ɗan naki ya zama babban mutum, ba ya yawan magana.

An jefar da kai! Shekararka goma sha tara, ana ciyar da kai naman akuya don ka bi ƙwallo da gudu, kana cewa an jefar da kai. Zo ka karɓe ni a kamfanin kifin gwangwani. Sardin ya shigo, tun safe muke tsaye muna cire kai da hanji, hannuna ko na wanke da lemun tsami sai kyanwoyin unguwa sun raka ni gida.

Safa na ba Munsif ɗan Goggo Habiba, tunda motarsa kan bi ta can da kaya. Na haɗa da man zaitun na Ummi da busasshen kifi, ka ba matar gidan, ka ce mata a Mahdiya mu ke cin kifi. Ka riƙa kwashe kwanonka in ka gama. Ka gaishe da tsohon kullum safe, kada ka jira sai ya lalubo ka.

Sai tambaya ɗaya, tunda kai kanka a ƙafa yake. Ka ce mai gidan naka lamba tara ne. To kai lamba nawa kake bugawa, jakin Ummi? Ƙungiya ɗaya tana da tara biyu ne? Ba wai ina so in ɗaga maka hankali ba, amma ka san a gidan wa kake cin abinci.

Ka kula da salla.

Yayarka,
Najiba

*

Radayif, 9 ga Nuwamba, 1986

Yaya Najiba,

Ina gaishe ki da Ummi. Saƙo ya iso, Lalla Zuhra ta ce a gode muku, ta kuma ce kifin ya yi gishiri kamar bakin wadda ta aiko shi.

Kin ga na daɗe ban rubuto ba. Lafiya ce, aiki ne. Si Mabruk ya sa ni gaba. Bayan kowa ya tafi sai ya tsayar da ni, ya ce, “Kai kana kallon ƙwallo. Ƙwallo ba ta ƙarya, ba sai an tsare ta da ido ba. Ɗan baya za ka kalla. Ƙafar da ya ɗora wa nauyinsa, ta can za ka bi.” Ya koya min yadda zan ɓace wa mai tsarona, in yi kamar na gaji, ina gyara safa, sai kawai a gan ni a bakin raga. A Susa babu wanda ya taɓa gaya min irin wannan.

Na fara ci, Yaya! Kocinmu, Si Bulbaba, ɗan wasan gaba guda kawai yake sakawa. Yakan fara da Si Mabruk, in an dawo hutun rabin lokaci ya cire shi ya sa ni. A wasa huɗu na ci biyar. Ranar Lahadin da ta wuce biyu na zura, ta biyun da kai, ni da kika ce kaina ba shi da amfani. Wanzami ya ƙi karɓar ladan aski. Yara suna bi na suna kira na “Ɗan Teku.”

Tambayar da kika yi kuwa, na yi fushi da na karanta, amma ta ƙi barin kaina. Gwiwar Si Mabruk ta lalace. In mun dawo daga fili, Lalla Zuhra kan ɗumama man zaitun ta shafa masa ta ɗaure da tsumma, shi kuma ya juya fuska bango. Ranar da na ci biyun nan, muka zauna cin abinci. Sai ya ɗauki tsokar da ke gabansa ya tura min ya ce, “Ci. Kai ka yi aiki yau.”

Ga kuma Haj Ammar. Kowace Lahadi ana kai masa kujera bakin wayar da ta kewaye fili, abokansa tsofaffin mahaƙa su kewaye shi. In ya ji fili ya ɗauki ihu sai ya ce, “Wa ya ci?” Su kuma su ce, “Na gidanka ne, Haj.” Sai ya yi dariya ya buga sandarsa a ƙasa. Ba ƙarya suka yi ba, tunda a gidansa nake kwana. Amma kin san wanda yake nufi.

Kada ki karanta wa Ummi wannan ɓangaren. Ki karanta mata biyar ɗin.

Ƙaninki,
Lutfi

*

Radayif, 11 ga Janairu, 1987

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka. Wasiƙunki biyu sun iso, ki yi haƙuri da rashin amsa. Lafiyata ƙalau, ƙafata ba abin da ya same ta. Sanyi ne kawai ya shigo sosai, da safe ruwan alwala kamar wuƙa.

Ƙwallo dai sai a hankali. Ba kullum ake ci ba. Yanzu Si Bulbaba kan haɗa mu mu biyu a gaba, Si Mabruk ya ci uku a watan nan, gari na ta murna. Ni kuma ina taimakawa.

Ki gaishe da Ummi, ki ce ta daina sauraron rediyo ranar Lahadi, ba sa kawo labarin ƙananan ƙungiyoyi daidai.

Lutfi

*

Mahdiya, 22 ga Janairu, 1987

Lutfi,

Muna gaishe ka. Ummi ta yi mura amma ta warware.

“Ni kuma ina taimakawa.” Tun yaushe? Kai da in an ajiye soyayyen burik biyu sai ka cinye naka ka ciji nawa? Kai da ka taɓa ture ɗan limamin unguwa cikin ruwa don ya riga ka taɓa ƙwallo a bakin teku?

Munsif ya kwana Gabis ranar da kuka buga can, ya shiga kallo don ya zo ya yi mana alfahari. Ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce ka yanke mutum biyu, gola ya fito ya zame, raga ta buɗe maka baki kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a, sai ka tsaya kana waige. Ka jira wani babba mai ɗingishi ya iso, ka tura masa, kafin ya kai an share. Ya ce kocinku ya jefar da hularsa ƙasa ya taka.

Ni ban san ƙwallo kamar ku ba, amma na san ka. Ni na goya ka lokacin da Baba ya rasu Ummi na takaba. In ciwo ne ka faɗa. In tsoro ne ka faɗa. In kuma abin da nake zato ne, shi ma ka faɗa, kada ka aiko min da labarin ruwan alwala.

Ina jira.

Najiba

*

Radayif, 3 ga Fabrairu, 1987

Yaya Najiba,

Ina gaishe ki. Allah ya ƙara wa Ummi lafiya. Munsif kuma Allah ya shirye shi da bakinsa.

Abin da kike zato ne. Amma ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba.

A ƙarshen Nuwamba na koma ɗakin canza kaya ɗauko tawul, na ji Si Bulbaba yana cewa, “Mabruk, yaron nan zai fara daga Lahadi. Ka yi mana abin da ba wanda ya yi, amma ka ga dai yadda abin yake.” Si Mabruk ya ce, “Na gani.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da muka koma gida ya zauna ya wanke takalmansa, ya shafa musu mai, ya jera su kamar gobe zai buga. Lalla Zuhra tana tsaye a ƙofar kicin tana kallonsa, ba ta san na ga fuskarta ba.

Ranar Lahadin na fara, ban ci ba. Ban yi niyya ba, Yaya, ƙafar ce ta yi nauyi. Ta gaba ma haka. Da koci ya ga ba dama sai ya dawo da shi kusa da ni. Ranar da na tura masa ya ci, na ga yadda ya ruga bakin waya wurin mahaifinsa, mutum mai furfura a gemu yana tsalle kamar yaro. Daga ranar na san abin da nake yi.

Mutumin nan ya ba ni ɗaki, ya ba ni abin da ya sani duka. Da abin da ya koya min zan tuɓe masa riga a gaban ubansa? Ni ina da shekaru a gabana. Shi wannan kakar ce kawai ta rage masa.

Na san abin da za ki ce. Mun sha kashi a wasa uku, Si Bulbaba ya fara ajiye ni a benci, kuma an ce cikin Afrilu wani zai zo daga Susa ya gan ni, daga nan su yanke ko su mayar da ni ko su sallame ni. Ina tunanin haka kullum. Amma in na zo gaban raga, fuskar Lalla Zuhra nake gani.

Ki rufa min asiri.

Ƙaninki,
Lutfi

*

Radayif, 20 ga Fabrairu, 1987

Najiba,

Ina gaishe da Ummi.

Kin kyauta. Na ce ki rufa min asiri, kin ɗauki alƙalami kin rubuta wa Si Mabruk kansa.

Yau bayan Juma'a, an kawo abinci, na miƙa hannu, sai ya ce, “Dakata.” Ya fito da takardarki daga aljihu ya ajiye kusa da kwano. Na gane rubutunki tun kafin ya buɗe.

Ya ce, “Gaskiya ne?” Bai jira amsata ba. Ya ce, “Sadaka kake ba ni, Lutfi? Na roƙe ka?” Na ce, “Si Mabruk, ni girmama ka nake.” Ya ce, “Girmamawa? A gaban garin da aka haife ni kake miƙo min ƙwallo kamar ana ba majinyaci kunu a cokali. Mutanen da suka yi aikin rami sati guda suka zo kallo, ka sa su koma gida da kashi don kana tausayina. Ni da na ci ƙwallo a gaban 'yan bayan da suka fi ubanka ƙarfi!”

Lalla Zuhra ta ce, “Mabruk, bar yaro ya ci abinci.” Ya ce, “Ba a gidana ba. Wanda ya raina ni ba ya cin abincina.” Ya shiga ɗaki da kansa ya haɗa min kaya, ya ɗauki jakar kamar yadda ya ɗauko ta ranar farko, ya kai ni ɗakin ƙungiya. A ƙofa ya ce, “Gobe ƙarfe uku. Ni zan tsare ka. Ka sa abin kare ƙwauri.”

Yanzu ina zaune a ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina, da gwangwanin sardin, wataƙila ma ke kika cika shi. Na rasa gida, na rasa mutumin da ya fi kowa yi min alheri, kuma ke kika jawo.

Kada ki sake rubuto min.

Lutfi

*

Radayif, 6 ga Maris, 1987

Zuwa ga Lalla Najiba, 'yar mutunci,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ki da mahaifiyarku, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Iyalina Zuhra tana gaishe ku. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da sitiyari.

Takardarki ta iso, na karanta ta sau da yawa. Kin ce in gafarce ki don kin shiga abin da ba naki ba. Naki ne. Ƙaninki ne.

Kin tambaye ni ko na san abin da yake yi. Tunda kin yi min gaskiya, zan yi miki. Na sani tun wasan Gabis. Ɗan gaba ba ya rasa gane ɗan'uwansa. Na gani na yi shiru, don ƙwallayen da yake turo min suna yi min daɗi. Na ce wa kaina sau ɗaya dai, sannan na ce sau ɗaya kuma. Da takardarki ta zo, fushin da na yi masa rabinsa nawa ne.

Na san kin ji na fitar da shi daga gida. Kada ki ɗauka wulaƙanci ne. Muddin yana zama gabana yana kallon ana ɗaure min gwiwa, ba zai buga ba. Zuhra ba ta yi min magana ba kwana biyu. Tana aika masa abinci ta hannun maƙwabciya, ni kuma ina yi kamar ban sani ba.

A atisaye na roƙi koci ya mayar da ni baya, ni ke tsare shi. Ina taka shi, ina jan rigarsa, ina gaya masa maganganun da ba zan rubuta wa mace ba. Satin farko yana faɗuwa ya tashi ya ce min yi haƙuri. Jiya na sa masa kafaɗa, ya juyo ya ba ni gwiwar hannu a haƙarƙari, ya wuce ya buga ta shiga. Har yanzu in na yi tari sai na ji wurin. Ban taɓa jin daɗin duka irin wannan ba.

Yaron yana da abin da ni ban taɓa samu ba ko a ƙuruciyata. Nan ba wurin zamansa ba ne. Ku taya shi da addu'a.

Wassalam.

Mabruk bin Ammar

*

Mahdiya, 15 ga Maris, 1987

Lutfi,

Ka ce kada in rubuto, ga shi na rubuto. Ka yaga in ka ga dama. Ummi na gaishe ka, tana tambayar me ya sa wasiƙu suka ɗauke, na ce mata gidan waya ne.

Ka ce in rantse, ban rantse ba, koma ka duba. Kuma da za a maimaita, zan sake rubuta masa. Gara ka yi fushi da ni kana ɗan ƙwallo da ka dawo kana so na kana ɗaukar akwatin kifi a tashar jiragen ruwa.

Amma na yi kewar shirmenka. Gidan ya yi shiru ko da a takarda.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Najiba

*

Radayif, 13 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga Lalla Najiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mahaifiyarku. Na tambayi Lutfi ko ya rubuto muku, ya sunkuyar da kai, shi ya sa na ce bari ni in ba ku labari.

Jiya muka buga da mutanen Tozar. Baƙon Susa ya zo, wani mai kwat da baƙin tabarau, aka ba shi kujera a inuwa. Tun ranar Alhamis na ce wa Si Bulbaba kada ya sa sunana ko a benci. Na ɗauki kujera na zauna bakin waya kusa da mahaifina. Tun da na fara buga wa ƙungiyar nan ban taɓa kallon wasanta daga wajen waya ba. Da suka fito na ga rigar mai lamba tara a bayan wani, sai da na kau da kai. Ba zan ɓoye miki ba, abin da ciwo.

Kafin hutu Lutfi ya zubar da dama biyu. Amma wannan zubarwar gaskiya ce, na gani, don sai da ya daki ƙasa da hannu. Mutanen Tozar suka ci mu ɗaya. Wani a bayana ya ce, “A mayar da shi teku!” Na juya na kalle shi, ya ce, “Wasa nake, kyaftin.”

Ana dab da tashi muka samu bugun kwana. Ƙwallo ta faɗo cikin ƙafafu, kowa na shuri. Ɗan wasanmu Hadi ya ɗaga ƙafa zai buga, sai ga ƙaninki ya banko shi gefe, nasa fa, ya sa ƙwauri ya tura ta raga. Ban taɓa ganin ƙwallo mai muni irin wannan a filin nan ba. Sai ji na yi ina tsaye ina ihu, na manta da gwiwa.

Mahaifina ya ja rigata ya ce, “Wa ya ci?” Abokansa suka buɗe baki, na riga su. Na ce, “Lutfi ne, Baba. Yaron Mahdiya. Ni ban buga ba, kuma ba zan sake bugawa ba.” Ya ce, “To da wa nake zaune tun ɗazu, in ka buga?” Sannan ya ce, “Ku kuna ganin makaho kurma ne. Tun farkon kaka na sani. In kai ka ci, sunanka suke kira. In shi ne, ihu kawai suke yi, bakinsu bai saba da sunan ba tukuna. Na bar ku ne ku ji daɗin ƙaryarku.” Ya riƙe hannuna bai saki ba har aka tashi.

An tashi ɗaya da ɗaya. Baƙon Susa ya gaisa da koci ya shiga mota, bai ce komai ba. Lutfi ya zo bakin waya ya tsaya, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce, “Ta farkon da ka zubar, me ya kai ka ɗaga kai?” Ya fara bayani, sai Zuhra ta aiko a ce mana kuskus na hucewa, kuma in na dawo ni kaɗai kada in shigo.

Jakarsa ya ɗauko da kansa wannan karon.

Wassalam.

Mabruk bin Ammar

*

Radayif, 21 ga Yuni, 1987

Lalla Najiba,

Assalamu alaikum, da gaisuwa ga mahaifiyarku.

Susa sun kira shi. Farkon wata mai zuwa zai shiga atisaye da manyansu. Ba su yi alkawarin komai ba, sauran kuma ya rage gare shi.

Gobe Litinin zan sa shi a motar safe, in Allah ya yarda zai iso Mahdiya kafin magariba. Wannan takardar Munsif zai riga shi kawo miki. Zuhra ta cika masa jaka da dabino, rabi naku ne, ki bincika kada ya cinye a hanya.

Ya ce in gaya miki har yanzu yana fushi da ke. Na gaya miki. Amma ki je tasha ki tarye shi, don tun jiya yake tambayata ko ina ganin za ki zo.

Wassalam.

Mabruk